Injin Baba da Ba Ya Shan Mai

Babana mai gyaran injin ban-ruwa ne a Jega. Rumfarsa tana manne da katangar gidanmu a unguwar Firchin, kuma tun ina ƙarama abin da kunnena ya saba ji da safe shi ne tarin inji: a ja igiya, ya yi tari ya mutu, a sake ja. Da rani, idan manoman albasa suka sauka fadama, ba a samun wurin taka ƙafa a rumfar. Wannan ya ɗauro nasa a bayan babur, wancan ya turo a baro, kowa yana cewa shukarsa za ta ƙone idan ba a duba nasa yau ba. Baba bai yi boko ba sai 'yar firamare da bai ƙarasa ba, amma mutum ne mai son jin dalilin abu. Da na ce fiziks zan karanta a jami'ar da ke Aliero, shi ne ya tsaya mini, domin wani ya gaya masa ilimin ne yake bayanin yadda inji ke aiki.

A shekarata ta ƙarshe, malamin da ke duba aikin bincikena ya ba ni wani batu da ban taɓa ji ba: makamashin da ke cikin sarari fanko, wato wurin da babu komai a cikinsa. Na shafe makonni ina fama da takardun da ya ba ni. Wata Asabar na zo gida, na shimfiɗa tabarma a zaure ina karatu saboda can ya fi iska. Baba yana daga waje yana wanke kafireton wani inji a cikin gwangwani. Ya leƙo ya tambaye ni abin da nake karantawa har na ɗaure fuska haka.

Na ce masa ya ɗauka ga tulu, an zuƙe duk iskar da ke ciki, an kwashe ƙura, an hana haske shiga, an sanyaya shi iyakar sanyin da zai yiwu. Kowa zai ce yanzu kam babu komai a ciki. Amma lissafin masana ya nuna ko a nan akwai sauran motsi, wata 'yar karkarwa da ba ta taɓa tsayawa cik, kuma kowane motsi yana ɗauke da ƙarfi. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa ganin abin. Na ce ido ba ya gani, amma an gwada. An jera fallayen ƙarfe biyu masu santsi a wurin da aka zuƙe iska, aka matso da su kusa da juna har ratar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai aka ga suna jan juna, ba mayen ƙarfe, ba lantarki.

Baba ya ajiye kafireton, ya goge hannu a tsumma.

"Ƙarhi, ɗiyata? Kuma ba mai, ba wuta?"

Na ce haka yake a takarda. Ya kalli hanya, sannan ya koma aikinsa. Ni kuma na ci gaba da karatuna, na ma manta da zancen.

Shekarar ce man fetur ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Manoma suka rage ban-ruwa, mai ba shukarsa ruwa a kai a kai ya koma jinkirtawa, wasu suka bar rabin fangalinsu ya bushe don su tsira da rabi. Ƙanen Baba yana noma a ƙauyen Katanga. Baba ya je duba shi, ya dawo da yamma bai ci abinci ba. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa ya tarar da albasar ƙanen nasa ta kwanta, ganyen ya yi rawaya, inji kuma yana ajiye a gindin bishiya lafiyarsa lau, abin zuba masa ne babu. Wannan ne ya tsaya wa Baba a rai. Duk rayuwarsa ya saba idan inji ya ƙi tashi ya san inda zai taɓa. Wannan karon babu abin da ya lalace.

A cikin kwanakin ne wani mai kawo gyara ya nuna masa bidiyo a waya: wani mutum a wata ƙasa ya jera mayen ƙarfe a jikin wili, ya juya shi da hannu sau ɗaya, wilin ya ci gaba da juyawa har yana kunna ƙwan fitila. Mai bayani a bidiyon yana cewa daga sarari fanko injin yake jawo ƙarfinsa. Baba ya haɗa wannan da abin da ya ji daga bakina.

Jarrabawa ta riƙe ni a Aliero na ɗan lokaci. Ranar da na dawo, na tarar da Inna a tsakar gida tana fifita da mafici, ga wuta an kawo amma babu fanka a ɗakinta. Ta ce in je in tambayi ubana, ya cire ta ya kwance cikinta, ya kuma bi masu gyaran rediyo na kasuwa ya kwashe musu tsofaffin sifiku don mayen ƙarfen da ke bayansu. Tana faɗa tana dariya, amma ta ƙara da cewa ya rame, ko furar rana sai ta yi masa magana yake sha.

Injin da Baba yake haɗawa da su yana can ƙuryar rumfa, an lulluɓe shi da buhu. Wilin keke ne a tsaye a kan ƙafafun ƙarfe da ya yi wa walda, an jera mayen ƙarfe a gefensa daidai wa daida, ga naɗin wayar fankar Inna a gefe guda. Aiki ne mai tsabta, irin na Baba. Ya tura shi da yatsa, wilin ya ɗauki juyi ba ƙara ko kaɗan, ya daɗe yana yi, sannan ya soma sassautawa har ya tsaya. Baba ya ce saura kaɗan, jeren ne bai gama daidaita ba.

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Na kawo masa dokar da ta ce ba a ƙirƙirar makamashi daga babu, na kawo masa kalmomin da muke haddacewa a aji. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce ai ba daga babu yake nema ba, ni da bakina na ce akwai ƙarfi a wurin. Na san ba zai yi aiki ba, amma sanin nawa na takarda ne, ban iya juya shi zuwa maganar da za ta shiga kunnen mai gyaran inji ba. Ga shi mutane sun fara tsayawa a rumfar suna tambaya cikin zolaya ko injin ya tashi, abin yana yi mini ciwo. Baba ya lura da haka. Ya ce ya san ina jin tsoron a yi masa dariya ne, kuma bai ga laifina ba, amma yana so ya ji daga bakin wanda ya koya mini.

Malamin nawa dattijo ne, Kirista, mutumin tsaunukan Filato. Ya daɗe a Aliero har Hausarsa ta ɗauko wasu kalmomin namu, ko da yake harshensa bai bar na gida ba. Na yi ta jin nauyin gaya masa, amma da na faɗa sai ya ce in kawo Baba duk ranar da ya samu sarari. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, muka hau babur ɗinsa. A hanya ya gaya mini cewa duk zuwansa Aliero, in ba kasuwar albasa ba to wurin masu ɗori ne, lokacin da ya karye a hannu yana saurayi. Bai taɓa shiga ƙofar jami'ar ba sai ranar.

Na zaci malamin zai gaya masa gaskiya a taƙaice cikin ladabi, mu tashi. Sai ya jawo masa kujera, ya fito da gyaɗa soyayya daga aljihun tebur, ya ce ya ba shi labarin injin tun daga farko. Baba ya yi ta bayani yana zana da'ira da yatsa a kan tebur. Malamin yana tambayarsa irin boris ɗin da ya sa a tsakiyar wilin don ya juya sumul, da yadda ya daidaita nauyin wilin. A ƙarshe ya ce ba zai yanke hukunci a kan injin da bai gani ba, zai zo Jega ranar Asabar.

Ya kuwa zo, a bayan ɗan kabu-kabu, da hular kwano a kansa da 'yar jaka a kafaɗa. Ya tsuguna a gaban wilin duk da ciwon gwiwa da yake fama da shi, ya tura shi, ya kasa kunne. Ya ce a ɗakin gwaje-gwajensu ma ba su da wilin da ke juyawa sumul haka. Daga nan ya fara kiran Baba da Injiniya, kuma bai sake kiransa da wani suna ba.

Ya ce su gwada abu uku, kuma Baba ne zai riƙa turawa da hannunsa don kada a ce wani ya rage ƙarfi. Da farko a juya wilin yadda yake, a duba agogon waya a ga daɗewarsa. Sannan a haɗa masa ƙwan fitila. Sannan a cire mayen ƙarfen gaba ɗaya a juya shi tsirara. Aka yi. Da aka haɗa ƙwan, ya ɗan yi ja kamar garwashi, wilin kuma ya tsaya da wuri. Da aka cire mayen ƙarfen, wilin ya fi kowane lokaci daɗewa yana juyi. Baba ya ce a sake. Aka sake. Ya mayar da mayen ƙarfen da wani jeri dabam, aka sake. Malamin bai nuna gajiya ba, shi ne ma yake miƙo masa sifana. Ina tsaye a bakin zaure ina kallonsu, dattawa biyu a tsugune, har rana ta karkata.

Daga ƙarshe Baba ya tashi ya zauna a benci, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Malamin ya zauna kusa da shi.

"Injiniya, ɗiyarka ba ta yi maka ƙarya ba, ƙarfin yana nan," in ji shi. "Amma ka san ruwa ba ya juya komai sai yana gangarowa daga tudu zuwa kwari. Wannan ƙarfin shi ne can ƙarshen kwarin. Babu inda ya fi shi ƙasa da zai gangara, shi ya sa ba a iya ɗibarsa a yi aiki da shi."

Baba ya jinjina kai. Ya tambaya to mutumin bidiyon fa. Malamin ya ce bai ga injin mutumin ba, amma yana kyautata zaton akwai batir a ɓoye. Baba ya ce shi ma katakon da aka ɗora wilin bidiyon a kai ya yi masa kauri da yawa, tun ranar farko ya gani, ransa ne bai so ya yarda ba.

Na ɗauka zancen ya ƙare, sai malamin ya ce bari ya gaya masa abin da ke hana su masana barci su ma. Ya ce idan masana suka zauna suka lissafa yawan ƙarfin da ya kamata a samu a sarari fanko, sai lissafin ya ba su abu mai yawan da ya wuce hankali, wanda da gaskiya ne da sammai sun yage tun kafin a samu tauraro ko ɗaya. Idan kuma suka ɗaga kai suka auna yadda tarin taurari masu nisa ke ƙara nesanta da juna, wanda ake zaton wannan ƙarfin ne ke tura su, sai su ga ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Lissafi ya ce kaza, awo ya ce kaza, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da misali. Ya ce manyan masana na duniya sun tsufa a kan wannan tambayar, har yau babu wanda ya san inda kuskuren yake.

Baba ya juyo ya dube shi da kyau.

"To ashe ku ma naku injin bai tashi ba."

Malamin ya yi dariya har ta sa shi tari. Baba ma ya yi, karo na farko da na ji dariyarsa tun dawowarsa daga Katanga. Inna ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka, suka ci a kwano ɗaya. Da aka kira la'asar Baba ya tafi masallaci, malamin ya zauna yana tsare masa rumfa, har wani ya kawo inji ya karɓa ya ce Injiniya yana zuwa.

Washegari Baba ya kwance injin. Ya mayar wa Inna da fankarta, ko da yake tun daga lokacin tana wani ɗan kuka idan tana juyawa, Inna kuma ba ta bari ya manta ba. Albasar ƙanensa ba ta tashi ba a wannan shekarar, sai da damina ta zo gero ya rufa masa asiri. Bayan wani lokaci injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana suka fara shigowa fadama, Baba ya koyi gyaransu, yana cewa wannan aƙalla an san tudun da ƙarfinsa yake gangarowa.

Abin da ban zata ba shi ne zumuncin da ya ƙullu tsakaninsu. Duk ranar da Baba ya je kasuwar Aliero sai ya biya ofishin malamin, su ci gyaɗa, ya yi tambayoyinsa: me ya sa inji ba ya iya jawo ruwa idan rijiya ta yi zurfi da yawa, me ke riƙe da wata bai faɗo ba. Da Kirsimeti ya kan ɗaura buhun albasa a babur ya kai masa. Da Layya malamin da matarsa su kan zo Firchin, matar ta shige wurin Inna su yi ta suya. Na gama karatu, na samu aikin koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Maiyama, su kuwa suna nan yadda suke.

Sai malamin ya yi ritaya, ya ce zai koma gida. Baba ya raka shi da matarsa tashar mota a Jega, ya yi ta gardama da direba a kan yadda aka ɗaure kayansu, ya kwance igiyar ya sake ɗaurewa da kansa. Da motar ta tashi ya daɗe a tsaye. Makonnin da suka biyo baya Inna ta ce ya rage magana, yana aikinsa amma ba ya tsokanar kowa.

A lokacin ina koya wa ɗalibaina darasin iska da matsinta, kuma makarantar ba ta da na'urar zuƙe iska. Sai dai in zana kwalba a allo in ce su ɗauka babu iska a ciki, su kuma su dube ni. Da na zo gida na yi wa Baba ƙorafin haka. Da gaske nake ina bukatar na'urar, amma kuma ina so in ga ya samu abin da zai ɗauke masa hankali. Ya tambaye ni yadda take aiki, na gaya masa. Ya ce ai kwamfireson firji ma zuƙa yake yi ta baki ɗaya ya fitar ta ɗayan. A ranar ya kira malamin a waya, suka daɗe suna magana, ina jin Baba yana cewa a'a, tiyon ruwa zai lanƙwashe, sai dai na gas.

Da ya gama haɗa na'urar, ya kawo ta Maiyama da kansa wata safiya, ɗaure a bayan babur cikin kwali, ya naɗe kwalbar da tsohon zanen Inna don kada ta fashe. Kwalba ce mai faɗin baki da kauri, ya yanka mata zobe daga tsohon tub na taya don kada iska ta shiga ta murfi. Na so ya tsaya a gaban aji, ya ƙi, ya ce shi bai iya magana gaban mutane ba. Ya haɗa wayoyin, ya koma can baya ya zauna a kan benci tare da 'yan layin ƙarshe, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Na sa balan-balan da aka ɗan hura aka ɗaure bakinta a cikin kwalbar, na kunna. Kwamfireson ya ɗauki gurnani. Da farko babu abin da ya faru. Sai balan-balan ɗin ta soma kumbura ita kaɗai, tana cika kwalbar a hankali, ba wanda ya taɓa ta. Ajin ya kaure da surutu, na baya suka hau kan benci. Muka sake da ƙaramar waya a ciki tana ƙara, suka ji ƙarar tana dushewa har sai an kasa kunne, da na buɗe wa iska hanya kuma ta dawo. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba ta ce a bari ita ta kunna da kanta. Na bar ta.

Ana cikin haka Baba ya taso ya miƙo mini wayarsa, ya ce in kira masa Malam. Da malamin ya ɗauka, Baba ya yi masa sallama kawai, sai ya ɗaga wayar sama ya juya ta wajen 'yan matan don ya ji hayaniyarsu. Ya daɗe a haka, hannunsa a sama. Sannan ya mayar da ita kunne, ya fita waje yana magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da suka ce ba.

Bayan an tashi na saya masa fura a bakin ƙofar makaranta, muka zauna a inuwar dogon yaro. Ya ce ya ji murfin yana ɗan tsiyayar iska ta gefe ɗaya, ya nuna mini inda zan riƙa shafa man gris kafin in rufe, ya kuma gargaɗe ni kada in bar kwamfireson ya daɗe yana aiki, zai yi zafi. Na ce ya tsaya ya ci abincin rana a gidan da nake haya. Ya ce wani mutumin Katanga yana jiransa da inji tun jiya, dashensa bai kamu ba tukuna. Ya shanye furar, ya sa hularsa, ya naɗe zanen Inna ya tura a kwali, ya ce idan bai mayar mata da shi yau ba ba zai sha ruwa a gidan ba. Na riƙe masa babur ɗin ya hau, na ce ya gaishe ta.